Kada Ka Sa Kunnenka a Bakin Lasifika

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ka sauka Kano lafiya, ka kuma sami masaukinka yadda aka faɗa maka. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka fara wannan aiki a sa'a. Ummanka tana gaishe ka, ƙanwarka Rabi ma haka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Ka san ni da waya. Kai kana can kana magana, ni ina nan ina cewa "to, to, madalla," ko da cewa ka yi ɓarawo ya kwashe maka kaya. Maganar da nake so in yi maka ta fi ƙarfin "to, to," shi ya sa na ari biron Rabi na zauna a zaure. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, rabona da dogon rubutu tun ina firamare.

Aikin da ka samu a sutudiyo na haɗa wa mawaƙa sauti, ban hana ka ba, kuma ba zan hana ka ba. Da wane bakin? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk Rano da Kibiya har yau Sale Mai Lasifika ake ce min, ko da yake na daɗe da barin sana'ar. Amma wallahi Abba tsoro nake ji. Tun ranar da ka ce min za ka riƙa yini da hedifon a kanka, a ɗakin da aka toshe ko'ina, gabana ke faɗuwa. Kunnenka nake jin tsoro ya tafi. Shi ne jarinka, ni ma a da irinsa gare ni, kuma ina ji ina gani na kashe shi da hannuna.

Kai ka taso ne ka tarar da ni ina "me ka ce?" Ba ka san ni ba lokacin da kunnena yake kunne. A shagona na bakin kasuwa ina da wata amfilifaya, injin ƙara wa sauti ƙarfi, tsohuwa mai nauyi da na samo a Kano, da lasifikai biyu da na sa kafinta ya yi musu akwatin katako mai kauri. Ba su nake kaiwa wurin biki ba, a'a, waɗannan na jin daɗina ne. Bayan la'asar sai mu hallara ni da Bala Tela da wasu abokai, in rufe ƙofa rabi, in sa faifai. Ba mai tari, ba mai cin gyaɗa. In mai gurmi yana kiɗa ina jin zamewar yatsansa a kan tsirkiya. Ina jin mawaƙi yana jan numfashi kafin ya ɗauko baiti. A cikin 'yan amshi ina iya ware maka wanda mura ke damunsa. Bala yakan ce, "Kai Sale, wannan kunne naka ko na jaki albarka!" Ni kuwa sai in ji kaina ya yi girma. Mutane suna ganin mahaukata ne mu, manya da gemu mun zauna mun yi tsit muna kallon akwati. To su suka sani. Wanda bai taɓa jin sauti mai tsafta ba bai san abin da muke ji ba. Kai ka sani, don na sha ganin yadda kake lumshe ido in kana sauraron waƙa.

Sana'ar da ke ciyar da mu kuwa ita ce hayar lasifika: biki, suna, Maulidi, wa'azi, taron siyasa. Maigidana da ya koya min, marigayi Ɗanjuma Mai Rediyo, Allah ya jiƙansa, in zai gwada lasifika tafin hannunsa yake ɗorawa a jikinta ya kau da kai gefe. Ya ce in takardar ciki ta tsage hannu ma yana ji. Ni kuwa na raina wannan. A raina na ce tsoho dai kunnensa ya mutu ne shi ya sa yake lalube. Ni in na ɗaure babbar lasifika mai ƙaho a kan itace, sai in cusa kaina a bakinta, in kara kunne, in ce a ƙara murya, a ƙara, har sai na gano inda take karkarwa. Kuma ina ganowa ɗin. Shi ya sa lasifikata ba ta taɓa ba ni kunya a taro ba, shi ya sa kowa ke nema na. Ɗanjuma ya gan ni sau ɗaya ina yi, ya daka min tsawa, ya ce, "Kai yaro, sauko! Kunne ba ya da kayan gyara." Na sauko ina dariya, washegari na koma.

Wata shekara aka ɗauke ni Maulidi a Zinyau. Da hantsi ne, mutane sun fara taruwa. Na hau bishiyar darbejiya na ɗaure ƙahon, na sa kunnena na hagu a bakinsa kamar yadda na saba. A ƙasa wani bawan Allah da ke ɗokin fara ƙasida ya ɗauki makirufo ya matso da shi gindin bishiyar. Ka san abin da ke biyo baya. Kukan nan na makirufo, wiii, da ƙarfin amfilifaya gaba ɗaya, ya shige min kai. Ban san lokacin da na saki reshe ba, Allah dai ya sa rigata ta maƙale. Da na sauko ina ganin bakunan mutane suna motsi, suna min sannu, ba na jin komai sai wani kuka siriri kamar na gyare. Abba, gyaren nan har yanzu da nake rubuta maka wannan takarda yana nan yana kuka. Bai taɓa yin shiru ba, ko a sallah.

Don haka ga maganata ta farko. Duk yadda kake son gano aibin sauti, kada ka kai kunnenka bakin lasifika. Kada ka tsaya a gabanta ana gwaji. Ka koma baya, ka rage murya, ka sa hannu in ta kama. Kafin ka sa hedifon a kanka ka fara kai murya ƙasa, don ba ka san abin da wani ya bari a kan injin ba. Kuskuren daƙiƙa ɗaya ya isa, kuma ba lallai ne ya zama naka ba.

Amma kada ka ɗauka ranar Zinyau ce kaɗai ta ci ni. Da ita kaɗai ce da kunnen dama ya tsira. Shi a hankali ya tafi. Duk taron da na yi, in na dawo gida sai in ji kunnuwana sun yi dum, kamar an toshe su da auduga. In na kwana na tashi sai su buɗe. Sai na ɗauka gajiya ce irin ta ƙafa, in an huta ta wuce. Ashe kowane dum ɗin nan akwai abin da yake tafiya da shi wanda ba ya dawowa.

Ka san ta ina na fara ganewa? Ta wurin faifaina. Wata rana na sa wanda muka fi so, na ji ya dushe. Kaifin nan na sama, ƙarar tsirkiya da kacau-kacau, duk sun ja baya. Na murɗa maɓallin kaifi. Bayan wani lokaci na ƙara murɗawa. Bala ya fara yamutsa fuska, ya ce, "Sale, wannan abu fa yana sukar kunne." Na ce masa tela me ya sani ban da zare da allura. Na kwance amfilifayar nan ɗai-ɗai ina neman laifinta. Na canza ƙananan lasifikan sama. Na hau mota takanas na je Kano na yi wa wanda ya sayar min da su tijara, na ce jabu ya ba ni. Mutumin ya jona su a gabana, shi da yaran shagonsa suna toshe kunne, ni ina cewa, "Ka ji ko? Babu kaifi!" Ya kalle ni kawai ya ce, "Malam, Allah ya sawwaƙe." A mota ina dawowa nake ta zaginsa a raina.

In ka ga hannunka yana yawan kai wa maɓallin murya, jiya nan ya ishe ka yau bai ishe ka ba, to kada ka tuhumi inji. Ka cire hedifon, ka fita waje, ka zauna inda babu ƙara. In ka tashi daga aiki ka ji dum, ko ka ji gyare, wannan ba gajiya ba ce, gargaɗi ne. In na kusa da kai yana jin abin da ke fita daga hedifon ɗinka, ya yi yawa. Kuma abin nan da kake yi na kwanciya da iyafis a kunne har barci ya ɗauke ka, don Allah don Annabi ka bari. Kunnen da ya yini yana aiki a bar shi ya kwana.

Da na yarda cewa ni ne ba amfilifaya ba, maimakon in nufi asibiti sai na shiga sakace-sakace. Gashin kaza, tsinken ashana, man zaitun da tafarnuwa, ruwan wani ganye da wata tsohuwa a Zurgu ta matse min. Duk wanda ya faɗi magani sai na ɗiga. Maƙwabcinmu Malam Sani mai makarantar allo, da na je ya yi min addu'a, ya yi min, ya tofa, sannan ya riƙe hannuna ya ce da ƙarfi yadda zan ji, "Malam Sale, addu'a mun yi, saura asibiti. Neman magani ba rashin tawakkali ba ne." Na ce to. Ban je ba. Tsoro nake kada likita ya buɗe baki ya ce min kurma. Ina ganin muddin ba a faɗa ba to bai tabbata ba.

Sai na yi wata wautar. A kasuwa na ga mai tallar wani ɗan abin sawa a kunne, ya ce yana sa kurma ya ji tafiyar tururuwa. Na saya. Abin nan makirufo ne da lasifika kawai, ni da kaina ya kamata in gane. Komai yake ƙara wa ƙarfi, babur da kukan akuya da murfin tukunya, maganar mutum kuwa tana nutsewa a ciki. Ranar wata Juma'a ina cikin sahu, na yi sujada hulata ta taɓa shi, ya kama fito. Sahu guda suna jin fito a kunnena, ni ban ma sani ba sai da na kusa da ni ya zungure ni bayan sallama. Na cire shi na jefa a kwata. Likita ta gaya min daga baya cewa irinsa yana iya ƙara ɓata abin da ya rage.

Kada ka sa komai a kunnenka da sunan magani. Kada ka sayi abin kunne a hannun ɗan talla. Kuma kada tsoron abin da likita zai faɗa ya zaunar da kai, don ciwon ba ya jiran ka yi ƙarfin hali.

Abin da ya fi ci min rai shi ne shekarun da na yi ina ɓoyewa. Na ƙware da gyaɗa kai. In mutane suka yi dariya sai in yi. In aka tambaye ni sai in ce "haka ne." Muryar maza ina ɗan kamawa, amma ta mata da ta yara ita ta fara guduwa. Ummanka ta yi zaton raini ne. Mun sha yin faɗa a kan ta yi magana na share ta. Har da azumi na karɓi aikin tafsiri a wani masallaci a Kibiya, alhali na san ba ni da kunnen yi. Malam yana fassara, makirufo ya ɗauki siririn kuka. Jama'a suna ta waigowa suna kallona, wasu sun sa yatsu a kunne, ni ina zaune a gaban inji na harɗe ƙafa ina murmushi, na ɗauka yabon aikina suke. Sai da malam ya dakata, ya ajiye littafi, ya nuna ni da hannu. Wani saurayi ya zo ya rage. Aka ci gaba da karatu. Daga wannan azumin ba wanda ya sake ɗauka ta, kuma ban ga laifinsu ba.

Wannan kunya ce kawai, ana wanke ta. Ga wadda ba ta wankuwa. Kana makarantar kwana lokacin, ba mu gaya maka duka ba. Da rana tsaka Ummanka ta zame a bakin rijiya, ƙafarta ta karye, guga ya ja ta har rabin jikinta ya leƙa ciki. Ta riƙe bakin rijiya tana kwala min kira. Ina zaure, nan inda nake zaune yanzu, ina gyaran wata rediyo. Tsakanina da ita bango ɗaya. Matan gidan Malam Sani ne suka ji ta, suka yi kururuwa, shi ya fito a guje ya shigo ta zaure, ya tsallake ƙafafuna ya wuce cikin gida ko sallama babu. Har na fusata na tashi zan tambaye shi lafiya. Da na shiga na tarar ya jawo ta, tana kwance a gefen rijiya. Da daddare ta ce min, tana kallon fuskata don in karanta bakinta, "Malam, na kira ka har muryata ta dushe." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.

In wani abu ya sami jinka, ka faɗa. Ka faɗa wa maigidanka a wurin aiki, ka faɗa wa matar da za ka aura, ka faɗa mana. Gyaɗa kai ba ya rufa asiri, kowa ya gane, kai kaɗai ne kake zaton ba a gane ba.

Bayan rijiya ne na je babban asibiti a Kano. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki, suka ɗora min hedifon, suka ce in na ji ƙara in ɗaga hannu. Ni Sale, da nake ware mai mura a cikin 'yan amshi, na zauna ina jira, ina ganin likitar ta gilashi tana danna abu tana kallona, hannuna yana kan cinya. Ta ce akwai wasu 'yan gashi ƙanana can cikin kunne, su ke kama sauti, ƙara mai yawa tana kwantar da su, waɗanda suka mutu kuma ba sa sake tsirowa. Na ce, "Likita, ba allura, ba tiyata?" Ta girgiza kai. Ta ce da na zo da wuri da an tare sauran.

Yanzu bari in zo kan maganar da ka yi min, wadda ita ce ta hana ni sukuni. Ran nan da na ce ka rage ƙarar iyafis, ka yi dariya ka ce, "Baba, ai yanzu zamani ya ci gaba, akwai na'urar ji ta zamani, ga ta nan ma a kunnenka." To yau zan ba ka amsa.

Na'urar nan alheri ce, ban raina ta ba. An auna kunnena aka saita ta daidai da shi. Ranar da aka sa min ita na ji takun takalmina. Na dawo gida Rabi ta yi min sannu da zuwa, na ji muryarta ta 'yan mata, rabona da ita tun tana ƙarama, na shige ɗaki don kada ta ga idona. Yanzu ina jin kabbarar liman, na daina satar kallon na kusa da ni kafin in yi ruku'u. Bala yana tsokana ta wai na tsufa na fara sa ɗan kunne, ina ce masa shi ma nasa yana hanya, don shi ma ya fara karkato kai in ana magana. Duk wanda jinsa ya ragu zan ce masa ya je a auna shi a sa masa, kada ya ji kunya.

Amma ka san abin da na yi a makon farko? Na buɗe shago, na share ƙurar amfilifaya, na kira Bala, na sa faifan nan namu. Na zauna a kujerata. Abba, abin da ya shigo kunnena kamar ana kiɗa a cikin gwangwanin madara. Ganga ba ta da ciki. In mawaƙi ya ja murya sai ta riƙa rawa, in kiɗa ya yi ƙarfi sai na'urar ta danne shi, in ya yi sanyi ta ɗago shi, duk ta baje shi ya zama ɗaya. Bala ya ce, "Yaya, ka ji?" Na ce, "Na ji." Ya ga fuskata ya tashi ya kashe. Na koma wurin likita na yi mata ƙorafi. Ta ce an yi na'urar ne da farko don magana, amma ta buɗe min wani saiti na kiɗa. Ya fi, ba zan yi ƙarya ba. Ina gane waƙa, ina bin baiti, wani lokacin har in kaɗa ƙafa. Amma zamewar yatsa a kan tsirkiya ta tafi. Na san daidai inda take a faifan, ina jiran ta, wurin ya zo ya wuce babu komai.

Ga kuma hidimarta. In zan yi alwala sai na cire. In zafi ya yi gumi yana shigar ta. In batir ya mutu ina tsakiyar kasuwa, duniya ta ɗauke ɗif, babur zai iya zuwa ta bayana ban sani ba. A taron biki ko wurin ɗaurin aure, inda kowa ke magana, har yau ba na tsintar komai. Ni da ita zan iya zaman duniya, in yi ciniki, in gaisa da mutane. Amma kai aikinka fa? Wa zai ba mai na'ura a kunne waƙarsa ya tace masa? Ranar da ka buƙace ta, ranar ka bar sutudiyo. Wannan ita ce amsata.

Na san halin wurin aiki. Mawaƙi zai shigo da abokansa ya ce a ƙure murya su ji daɗi. Kai sabo ne, za ka ji nauyin cewa a'a. To ka ƙure musu, kai ka fita ka tsaya a ƙofa. Su sau ɗaya za su ji su tafi, kai kullum kana ciki. In an ɗauke ku aikin taro a fili, ka toshe kunnenka, ko za su yi maka dariya. Ni ma na yi wa Ɗanjuma dariya, ya mutu yana jin kiran sallah da kunnensa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro, na yi ta kewaye-kewaye na kasa fara ta.

Ranar da za ka tafi, da safe, ka yi mana sallama ka ɗauki jakarka ka nufi bakin titi inda mai adaidaita ke jiranka. Sai na tuna da 'yan robobin toshe kunne da na karɓo maka a asibiti, suna aljihuna. Na fito ƙofar gida. Ba ka yi nisa ba, ko gidan Malam Sani ba ka wuce ba. Unguwa shiru, yara ba su fito ba. Iyafis ɗinka yana rataye a wuyanka, na gan shi da idona, ba ya kunnenka. Na ce, "Abba!" Ba ka waigo ba. Na ƙara ɗaga murya. Ba ka waigo ba.

Ka san sunan mahaifina gare ka, kuma tun da aka raɗa maka shi bakina bai taɓa furta shi ba. Ran nan na furta. Na buɗe murya na ce, "Haruna!" Ummanka ta fito daga cikin gida ba mayafi, ta ɗauka wani abu ne ya faru. Malam Sani ya leƙo daga zaurensa. Mai adaidaita da ke can bakin titi ya ɗago kai ya kalle ni. Kai kuwa ka ci gaba da tafiyarka, ka sa jaka, ka shiga, kuka tafi.

Ummanka ta ce zumuɗi ne, hankalinka ya riga jikinka isa Kano. Na ce mata haka ne. Ina roƙon Allah ya sa haka ɗin ne. Amma ni na san wannan tafiyar, na yi ta shekaru, mutane suna kira na a baya ina tafiya abina. Tun ranar abinci ba ya min daɗi.

Ga robobin nan na sa a cikin ambulan. Kafin ka zauna a gaban injin kowa, ka je asibiti sashen kunne ka ce a auna ka. Ban ce in ka sami sarari ba, ban ce bayan ka karɓi albashi ba. A makon nan. In sun ce lafiya lau, alhamdu lillahi, ka yi min dariya yadda ka ga dama, na yafe. In kuma sun ce wani abu ya taɓu, kada ka ɓoye min, kada ka firgita, da sauranka, abin da ya rage shi za mu tsare. Ban taɓa haɗa ka da girman haihuwa a kan komai ba, yau na haɗa ka.

Allah ya kiyaye min kai, ya kiyaye jinka da ganinka da imaninka. Allah ya raba ka da mugun aboki da mugun ƙarfe, ya sa albarka a abin da za ka samu, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya sa ranar da ka dawo, in na kira ka daga baya, ka waigo.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sale Mai Lasifika, Rano.